Kiyashi a Wuyan Yaya Ɗanjuma

Da Yaya Ɗanjuma ya samu babur a aikinsa na malamin gona, ni ya ja kasuwar Funtua in zaɓar masa kwat ta fata, don a gidanmu an yarda idona ba ya kuskure. Na duba ɗinki, na ja maɓallai, na zaɓi wata baƙa mai tauri kamar busasshen ƙirgi.

"Ba ta lanƙwasuwa fa," in ji shi.

"Bar min ita," na ce, sai ka ce a gidan dukawa aka haife ni.

Na shafe ta da man shanu ciki da waje, na rataye ta jikin rumbu.

Washegari ya goya ni zuwa Malumfashi gaida iyayen wadda zai aura. Mun wuce Bakori ke nan na ga kiyashi sun jero a wuyan kwat ɗin, suna gangarawa cikin taguwarsa. Kunya ta hana ni magana, sai na riƙa hure su a hankali.

"Lafiya kike huci?"

"Lafiya lau, Yaya."

A zaure ya durƙusa gaban surukinsa. Kafaɗarsa ta motsa. Ya cije leɓe. Tsohon na tsakiyar tambayar damina Yaya ya zabura, yana dukan ƙirji hannu bibbiyu.

Tsohon ya dube ni. "'Yata, yaron nan yana da iska ne?"

Sai da kawunmu ya je ya rantse cewa kiyashi ne ba iska ba, kafin a ba Yaya matar. Har yau in na ɗauki man shanu, sai ta ce, "Ɗanjuma, ɓoye rigarka, Badukiya ta iso."