Zaren da Kaka Ige Ta Gano

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da na tsaya a bakin ruwan Wara na yi wa rabin gari bayanin abin da ke cikin mahaifata. Ni da ko sunan mijina ba na iya faɗa a gaban mutane!

Lokacin jiharmu ta Kebbi tana da sauran ƙuruciya, wayar salula ma sai mutum ya hau tudu kafin ta kama. Ina koyarwa a firamare, ina ji da kaina ƙwarai, don a unguwarmu ni kaɗai ce mace mai rataya jaka ta tafi aiki. Maigidana malamin gona ne, an tura shi Shanga, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Gidan daga ni sai yara uku sai surukata, Inna. Allah ya jiƙan Inna. Mace ce mai ido, ko gishiri ka rage a miya sai ta gane ranar da ka fara.

Yaran nan uku a shekara huɗu na jera su, kuma a haihuwar ƙarshe saura ƙiris a yi babu ni. Likita ya ce lallai in huta. Muka yi shawara da maigida, na je asibiti a Yelwa aka saka mini roba a mahaifa, irin mai sakin magani kaɗan-kaɗan. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada Inna ta ji. Wadda ta raka ni ita ce maƙwabciyata Saratu, Kirista ce, mijinta masunci, ita kuma gyaran komar kamun kifi take yi da bandar kifi. Tun da aka kawo ni garin ina amarya ita ce aminiyata, kuma a motar dawowa na sa ta yi mini alkawarin rufe baki.

Nas ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce watannin farko jini zai riƙa ɗigowa yana ɗaukewa ba tsari, kada in tsorata, in dinga rubuta ranakun a kati. In ya yi yawa, ko ciwon mara ya tsananta, ko zazzaɓi ya zo, in dawo da sauri. Ta ce akwai ɗan siririn zare da aka bari, da shi ake cire robar, kada in yarda kowa ya ja. Na riƙa gyaɗa kai irin na masu ilimi. (Katin kuwa a cikin littafin rajistar aji na cusa shi, ban sake waiwayarsa ba.)

To, jini ya fara wasansa. Yau ya leƙo, gobe ya ɓuya, jibi ina tsakiyar rubutu a allo in ji alama, sai in ja da baya in manne da bango in ce yara su karanta da kansu. Audugar mata sai an je Yelwa, don haka tsumma na koma. Shanya shi a gidanmu kuwa ai tallar kai ce, shi ya sa kullum da la'asar nake zamewa gidan Saratu in wanke in shanya a bayan ɗakinta, kusa da inda take rataye komarta. Sannan ga sallah. Maimakon in tambayi masu sani, sai na yanke wa kaina hukunci: ko ɗigo ɗaya na gani, na ajiye buta. (In faɗi gaskiya, asubahin lokacin sanyi ma ta taimaka wajen yanke wannan hukunci.)

Inna tana lissafe da ni ban sani ba. Wata biyu ta yi tana kallon butata a bushe, ran nan ta tare ni a madafa.

"Malama, mi ka damunki? Watan jiya kwana nawa kinka yi sallah? Wanga ba al'ada ba ta. Ciki na ka zubewa kina ɓoye min."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Wallahi Inna ni ma ban sani ba." Har da ɗan matse hawaye, don Allah ku ji rashin kunya.

Ranar Asabar da hantsi ta sa ni a kwalekwale, muka haye wani gungu, wato tsibiri, wurin Kaka Ige, tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar maigidana da ta rabin masuntan yankin. Har yau ina jin ƙamshin ruwan nan na safe, da yadda Inna ta riƙe mini hannu tun daga gaɓa har gaɓa tana yi mini addu'a. Ni kuwa a zuciyata cewa nake, tsohuwa ce, sassaƙe za ta ba ni in zubar a hanya, shi ke nan.

Ashe Kaka Ige ba ta ba da magani sai ta duba. Ta kwantar da ni a tabarma, ta yi bisimilla. Can sai na ji ta tsaya cak, ta ƙwala wa Inna kira.

"La'ilaha illallahu! Ke, taho ki gani. Zare na! An ɗaure ma ɗiyarki mahaihwa!"

Na ji tana shirin ja. Ban san lokacin da na yi tsalle na dafe zane na manne a kusurwar ɗaki ina ihun "Kada ki ja! Kada ki ja!" ba. Kaka Ige ta girgiza kai cikin tausayi ta ce wa Inna ai ba ni ke magana ba, abin da aka saka mini ne ba ya son fita. Ta murza yatsunta biyu, ta ce ita shekararta saba'in a cikin masunta, ba za ta kasa gane zaren koma ba ko a mafarki. Sai ta tambaya, "Gidan wa taka yawan shiga da aka gyaran koma?"

Nan take na ga fuskar Inna ta canja. Ni kuma, malamar makaranta guda, na ci gaba da ɓoye gaskiya. Duk tsawon dawowarmu a kwalekwale ina ta tsara magana a raina, in buɗe baki in rufe.

Muna sauka, ga Saratu a bakin ruwa zaune da koma a cinya tana ɗinki, mata na ta fiɗar kifi, masunta na jan jirage, iyayen ɗalibaina birjik. Inna ta nufe ta kai tsaye.

"Saratu, mi munka yi miki? Tuwonmu kin ci, ɗiyanki a ɗakina sunka yi rarrafe. Don mi za ki ɗaure ma yarinya haihuwa da zarenki?"

Kowa ya bar abin da yake yi ya juyo. Kun san irin wannan magana a ƙaramin gari, in ta manne wa mace ba mai sake sayen kifinta, ba mai barin ɗansa ya sha ruwa a gidanta. Saratu ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Kalma guda ta ishe ta wanke kanta, amma sai ta mayar da kai kan komarta ta ce, "Inna, ban yi ba. Sauran kuma ba maganata ba ta." Ta ci gaba da ɗinkinta. Wallahi ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Sai bakina ya buɗe, kuma da ya tashi buɗewa, da muryar aji ya fito, wadda ake ji har bayan makaranta.

"Ba sihiri ba ne! Roba ce! Ni na je Yelwa da ƙafata aka saka mini! Zaren na asibiti ne! Jinin ma nas ta ce haka yake yi da farko, zai daina!"

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Tsoro ya sa na ci gaba, har da kwatanta girman robar da yatsa, da inda take zama. Wani dattijo ya ajiye filafilinsa na tuƙa jirgi ya juya baya yana salati. Wata mata daga can baya ta ɗaga murya, "Malama, a maimaita, mu na nan ba mu ji ba!" Aka fashe da dariya, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, gumi har tafin ƙafa.

Inna ba ta yi dariya ba. A gaban kowa ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta kama hannun Saratu ta ce ta yafe mata. Da muka koma gida, bayan la'asar ta kira ni ɗakinta.

"Tara na haihwa, huɗu na rufe da ƙasa. Ran da kinka haihi autanki ni na wanke zannuwanki, na ga jinin da kinka zubar. Ke kina ganin ni zan hana ki hutawa?" Ta share ido da bakin zane, sannan ta harare ni. "Amma sallolin da kinka sha, gobe za mu wurin malamar Islamiyya ta lissafa miki, sai kin ranka su duka."

Haka kuwa aka yi. Malama ta bambance mini jinin al'ada da na ciwo, na fi wata ina ramuwa, Inna na zaune a bakin ƙofa da carbi tana ƙirga mini. Katin nas ma ita ta karɓe, duk da ba ta karatun boko, kullum sai ta sa na ja layi a gabanta. A wata na biyar jinin ya ɗauke kamar yadda aka faɗa. Maigida da ya dawo daga Shanga, tun a tasha direbobi suka ba shi labari.

Yanzu Inna ta rasu, mun bar Wara da daɗewa, amma duk sallah sai Saratu ta aiko mini da kifin banda, kuma ba ta taɓa ɗaure ƙunshin da komai ba sai zaren koma, ƙulli uku. Ba ta rubuto komai, ni ma ba na tambaya. Abin da na koya dai shi ne, in za ki ɓoye abu mai zare, kada ki ɓoye shi a garin masunta. In kuma kin ba aminiya ajiyar sirri, ran da sirrin ya ja mata masifa ke ki fara buɗe baki, don irin su Saratu ko za a kore su daga gari ba za su faɗa ba.