Jar Ƙanƙara da Rigar Juma'a

Shekarun farko na mulkin kai, wani kanti a Garwa ya kawo ƙanƙara mai zaƙi, ja wur. Na tsaya cikin 'yan'uwana mahauta na rantse rinin tufafi aka zuba mata, 'ya'yana ba za su sha ba.

Sarkin pawa ya ce, "To, ina shaida?"

Na sayo guda, na goga wa ƙirjin farar rigata. Ta kama kuwa! Sai dai na manta akwai sukari, kuma ranar Juma'a ce. Ƙudajen mayanka suka raka ni har sahun gaba, liman na huɗuba, ni ina marin kaina.

Har gobe ban janye ba, rini ne. Su ma mahautan ba su janye ba. Ƙuda na giftawa sai su ce, "Tashi, ga jama'arka sun zo."