Fanka Huɗu, Duk Suna Hura Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so (kuma na so ɗin, na gwada), da safiyar Asabar da aka ɗaura wa 'yata aure a Kano, ni kuma ina wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a garin Laurel, can Amurka, da baƙi a kan kujerun aro.

Ni ba ɗan boko ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Aji huɗu na yi a firamare aka kai ni gareji. Na shekara ashirin ina gyaran janareta kafin in shigo ƙasar nan, kuma lokacin da abin ya faru ina shekara ta tara da ɗaukar kwali a wani ƙaton sito. Takarduna ba su kammala ba. In na fita, na fita ke nan. Shi ya sa da aka sa ranar auren yarinyar (ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce) ba wanda ya ɓata bakinsa ya tambaye ni ko zan zo. Yayana ne waliyyi. Nawa in ce Allah ya sanya alheri ta waya.

Ƙanina Sani ne ya kawo dabara. Lokacin wayar hannu ba ta fara nuna fuskar mutum ba. Ya ce zai aro ƙaramar kwamfuta, ya ajiye ta a ƙofar gida inda za a ɗaura, ni kuma in kunna tawa in kalla. Na ce, "To, in ya yiwu," kamar abin bai dame ni ba. Ina ajiye waya na tashi na share ɗaki. Saura wata guda fa.

Tawa kwamfutar irin ta tebur ce, tsohuwa, akwatinta baƙi dogo kamar jarka. Da ita nake ganin iyalina duk Lahadi. Da na saye ta, mai ɗakina ta tambaye ni girmanta, na auna da taƙi na gaya mata. Bayan wata biyu sai ga saƙo ta hannun wani da ya dawo daga gida: riga ta saƙa mata, kore da fari, har da geza. Kun san mu. Ba ma barin abu mai daraja tsirara. Talabijin da rigarta, rediyo da rigarsa, keken ɗinki ma haka. Na zura wa akwatin, ta rufe shi ruf har ƙasa, ban sake cirewa ba. Ta yi wata uku tana ƙanshin turaren wuta.

Da zafi ya shigo (wanda bai san zafin Maryland ba ya ɗauka Amurka duk ƙanƙara ce) sai kwamfutar ta fara hali. Ana cikin magana za ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta ɗauke. Fuskar mai ɗakina ta tsaya baki buɗe, sai baƙin allo, sai ni da fuskata a ciki. In na taɓa gefen akwatin, zafi kamar kan injin da ya kwana yana aiki.

Akwai wanda zan iya tambaya. A masallacin da muke Juma'a akwai Injiniya Lawal, mazaunin College Park nan kusa da mu, aikinsa ke nan, har koyar da shi yake. Amma ni da su Injiniya gaisuwa ce kawai. Za a yi ta sosai, ya gida ya aiki ya sanyi, sai hira ta zame ta koma Turanci, ni kuma ina tsaye riƙe da takalmi ina murmushi. Ba su taɓa wulaƙanta ni ba, tsakani da Allah. Ni nake riga su wulaƙanta kaina. Na ce wa kaina, zafin inji ne, ba karatu ba. A nan wurin ko Injiniya bayana yake.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na tashi daga aiki na biya na sayo fanka uku irin na cikin kwamfuta. Na cire rigar, na kwance kusoshi, na buɗe gefen akwatin. Da ma akwai fanka ɗaya a baya. Na kunna, na sa tafin hannu, sai na ji waje take hura iska. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce lallai Bature ma yana kuskure. Abu yana neman iska, kai kuma kana kwashe ta kana zubarwa waje? Na kwance ta na juya ta. Sababbin ukun na ɗaura su, biyu a gaba, ɗaya a gefe. Huɗu ke nan, duk suna hura ciki.

Da na rufe na sake kunnawa, sai na ji iska tana tsiyaya ta wasu 'yan ramuka a baya da gefe. Nan na tuna falon wani attajiri da nake yi wa gyara a Nasarawa. Kana shiga za a ce maka, "Rufe ƙofa, sanyi na fita." Ai shi ke nan. Na ɗauko salatif mai faɗi irin wanda muke liƙe kwali da shi, na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na toshe. Inda na yi shakka na ƙara ninki. Na mayar mata da rigarta. Na gwada minti biyar, ba ta ɗauke ba. Ƙara kuwa, kamar jirgi zai tashi. Ni a wurina ƙara ita ce shaidar aiki.

Daɗin wannan ne ya ɗebe ni ranar Juma'a. Ana sallamewa na tari Dakta Bashir, likita ne, na ce gobe ana ɗaura wa yarinya aure, za a nuno mana kai tsaye, in da hali ya zo. Na gaya wa Injiniya. Na gaya wa Isufu, mutumin Damagaram, da muke ɗaukar kwali tare. Shekara tara ba wanda ya taɓa shiga ɗakina sai mai gida, shi ma ya zo duba famfo ne. Na dafa shinkafa da miyar kaza cike da tukunya. Na nemo goro da dabino. Na hau sama wurin mai gida na aro kujeru uku.

Ƙarfe biyu za a ɗaura a Kano, tara na safe ke nan a nan. Ni tun takwas na kunna kwamfuta don kada a yi ba ni. Na ciro babbar rigata daga ƙasan jaka, layin ninkin da ta yi ko dutsen guga ya kasa.

Dakta da Isufu suka iso tare. Dakta ya zauna, ya karkata kunne.

"Baban amarya, wannan kwamfuta ce ko injin markaɗe?"

Da na yi dariya na yi shiru, da an wuce wurin. Ina! Sai na gyara hannun riga na ce, "Dakta, da hannuna na haɗa ta. Fanka ɗaya Bature ya sa mata, ita ma a juye. Yanzu huɗu ne. Ko kwana za ta yi tana aiki ba abin da zai same ta."

Isufu ya ce, "Wallahi Dakta, mutumen ga injiniya ne, takarda ce kawai babu."

Na ce, "Takarda ai ba ta riƙe sifana."

Sai hoto ya shigo. Ƙofar gidanmu. An yi wa katanga fenti, an sare darbejiyar da na bari. Tabarmi har bakin titi. Ga yayana, gemu ya yi fari fat, ni ban san ya tsufa haka ba. Sani yana ta cewa, "Yaya, kana gani? Kana ji?" Mutane suna zuwa ɗaya ɗaya suna leƙo fuska suna ɗaga hannu, wasu na gane, wasu sai an faɗa min ɗan wane ne. Na riƙe fuskata yadda uban amarya ya kamata ya riƙe.

Liman ya zauna. Aka yi tsit. Wakilin ango ya matso gaban yayana ya ce, "Muna nema wa ɗanmu auren…"

A daidai nan na ji warin roba. Allo ya yi baƙi. Fankoki huɗu suka yi shiru gaba ɗaya, har ina jin takun mai gida a sama.

Na danna maɓallin kunnawa. Ta taso, ta mutu. Na sake dannawa, ko motsi. Dakta ya zaro wayarsa ya ce in ba shi lambar Sani, ya shiga kira, layi yana ƙin shiga. Ni kuwa na ruga banɗaki na jiƙo tawul, na zo na lulluɓa wa akwatin a kan rigarsa, yadda ake yi wa jarkar ruwa don ta yi sanyi. (Kada ku tambaye ni. Hannuna ne ya yi, ban san lokacin ba.)

Ana haka Injiniya ya yi sallama, yana ba da haƙuri wai hanya ta cushe. Bai ji komai daga abin da na faɗa ɗazu ba. Ya dubi allo, ya dubi tawul, ya durƙusa da shaddarsa. Ya yaye tawul ɗin. Ya zare rigar, ya ninke ta da kyau ya miƙo min. Sai ga salatif.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Wa ya yi maka wannan?"

Ya karɓi sukundireba ya buɗe gefe, zafi ya bugo shi har ya kau da fuska. Ya bi fankokin da yatsa.

"Duka ciki. Har ta bayan an juya ta. Sannan aka toshe ko'ina." Ya girgiza kai. "Malam, wannan ai tukunya aka haɗa maka, wake kawai ya rage a zuba. Ko waye wannan mutumin, don Allah kada ka sake ba shi ko tocila."

Dakta ya ɗaga kai yana nazarin silin, waya a kunne. Isufu ya sa wa goron hannunsa ido kamar yau ya fara ganin goro.

Na ce, "Ni ne."

"Na'am?"

"Ni na yi, Injiniya."

Can ya taɓa fanka ɗaya ya ce, "To… amma an ɗaure su da kyau fa. Kusoshin sun zauna."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sai layi ya shiga. Dakta ya miƙo min waya. Hayaniya, maroƙi yana ta kwarara sunan kakanmu, Sani yana ɗaga murya: "Yaya, an shafa fatiha, an ɗaura. Ka gani ko?" Na dubi mutum uku da ke cikin ɗakina, na ce, "Alhamdulillahi." Bai sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Injiniya bai ɗau lokaci ba. Ya ɓare salatif, ya fitar da ƙurar da ta daskare a ciki kamar auduga, ya mayar da fankar baya yadda take, ya cire ta gefen gaba ɗaya ya ce ba a buƙatarta. Yana yi yana bayani da Hausa zalla, ina jin don ni. Wai iska ta shiga ta gaba, ta bi ta kan abin da ke zafi, ta fita ta baya. Wai zafi ba danne shi ake yi ba, hanya ake ba shi ya fita. Rigar kuma a bar ta a kan wani abin daban.

Abin da ya fi ci min rai, na san wannan. Shekara ashirin ina yi wa mutane faɗa a kan kada su lulluɓe janareta da buhu in ana ruwa, kada su kulle shi a lungu ba iska. Da janareta aka kawo min an toshe masa ko'ina da salatif, da mai shi ya ji magana. Amma da yake wannan sunanta kwamfuta, sai na ajiye abin da na sani na ɗauko na falon attajiri.

Kwamfutar ta kama, shiru, kamar ba a kunne take ba. Hoto ya dawo. Ana naɗe tabarmi. Wani yana tsince ƙwallon dabino. Sani ya ce bari ya shiga da tasa kwamfutar cikin gida in ga amarya da uwarta, yana cikin tafiya batirinta ya ƙare, ba wuta a unguwar.

Baƙina mutanen kirki ne. Sun ci shinkafa, sun yi addu'a, ba wanda ya sake ambatar fanka. Dakta zai tafi asibiti, Injiniya zai kai yara wani wuri, Isufu ya bi su don su rage masa hanya. Kafin sha ɗaya na mayar da kujeru sama. Na dawo na zauna da babbar riga a gaban kwamfuta mai sanyi, ba abin kallo. Shinkafar nan har Laraba ina ci.

Bayan wata biyu hotunan biki suka iso a ambulan. Mai ɗakina har yau tana cewa ai gara da aka yi dabarar nan, ko ba komai na ga ɗaurin auren da idona. Ina cewa haka ne.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka cika wa abu iska, duba ta inda za ta fita. Kuma yanzu ko ƙwan fitila na canza, ba na cewa ni na yi sai ya kwana uku yana ci. Ko da yake ba mai shigowa ya tambaya.