Rasuwar Mai Sheƙi, Randar Salmatu ta Magama

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ta zo, sai dai da hawaye ta zo. Da zuciya cike fal da baƙin ciki, iyalan gidan Malam Lado na Magamar Jibiya, musamman maiɗakinsa Salmatu, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na wannan tsallake da na tsallaken Nijar, rasuwar randarsu wadda aka fi sani da Mai Sheƙi. Ta rasu ranar Talata da rana tsaka, a gindin bishiyar bedin da ke kusa da shingen iyaka, bayan gajeruwar rashin lafiya. Gajeruwa ƙwarai, don kafin a ce wani ya miƙo tsumma har ta cika.

Marigayiya 'yar asalin Riko ce, daga fadamar can aka haƙo yumɓunta. Salmatu kuwa ba ta gaji ginin tukwane ba. Shinkafa da wake take sayar wa direbobin manyan motoci a bakin iyaka, har shekarar da aka rufe hanya, motoci suka ɗauke ƙafa, tukunyarta ta koma kife. Wata mace da sai ta zauna ta jira. Salmatu ba a halicce ta da zama ba, ko tuwo take ci ƙafarta ɗaya tana waje. Ta taɓa ɗinkin hula, ta taɓa sabulu, ta taɓa kiwon zabi, zabin suka tsallaka Nijar babu ko takarda. Daga ƙarshe ta ɗauki mayafi ta nufi Riko wajen Goggo Ma'u, ƙanwar mahaifinta, tsohuwar maginiya, ta ce a koya mata.

Ta koya, ba laifi. Sai wata rana ta gani a waya wasu kwanukan ƙasa na wata ƙasa suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Ta bi gari tana tsintar fasassun kwalabe, ta daka su a tsohon turmi, ta haɗa da toka da kanwar da ake shigowa da ita daga Nijar, ta dama ya yi kauri kamar kunu, don ta riƙa shafa wa tukwane kafin gashi. Ta gina tanderu da tubali a tsakar gida, daidai wurin da Malam Lado ya daɗe yana cewa nan zai yi wa awakinsa ɗaki. Tukwane da yawa sun riga mu gidan gaskiya a cikin tanderun nan, wasu sun fashe, wasu sun fito kamar an yi musu ƙazuwa. Hayaƙi kuwa har maƙwabta suka daina shanya.

Ranar da akuyarsa ta haihu a zaure, Malam Lado ya tsaya a gaban Goggo Ma'u, wadda ta zo ziyara, don ta zama shaida, ya ce, "Salmatu, ki ji ni da kyau. In damina ta sauka ba ki sayar da komai ba daga cikin wannan tanderu, tubalin nan na awakina ne."

Ta ce, "Na yarda, Malam. Ka ce wa awakinka kada su sa rai."

A gashi na gaba aka haifi marigayiya. Jama'a, wanda bai gan ta ba ya yi asarar kallo. Koriya shar, ciki da waje, wuya dogo, ƙugu a cike, mutum yana ganin fuskarsa a jikinta har da haƙoran da suka rage masa. In aka ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa sai ta amsa, ƙwal, da murya siririya mai daɗewa a kunne. Salmatu kan wuce ta ƙwanƙwasa, ta dawo ta ƙwanƙwasa, ta je ɗebo ruwa ta ajiye guga a hanya ta dawo ta sake ƙwanƙwasawa.

Lokacin an buɗe iyaka, motoci sun dawo. Salmatu ta yi gammo ta ɗauki Mai Sheƙi zuwa gindin bedi, ta cika ta da ruwa don masu saye su ɗanɗana. Wanda ya fara sa moɗa shi ne Nagoggo, direban kamyo, wato babbar motar da ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya dubi sama, ya haɗiye da ƙyar.

Ya ce, "Yaya Salmatu, da kin faɗa mani ruwan wanka ne ai da na taho da soso."

Aka aika Riko. Goggo Ma'u ta zo ta shafa jikin randar da tafin hannu, ta ji shi a bushe ƙayau. Ta ce, "Ɗiyata, ba ta zufa. Randa ta jiki take tsattsafo da ruwa, iska ta buga, na ciki ya yi sanyi. Ke kau kin bi duk ƙofofin kin liƙe da kwalba. Ni ma da na gan ta kyan ne ya ɗauke mani hankali, ban tuna ba."

Daga nan marigayiya ta shiga yawon duniya, don Salmatu ta ƙi yarda a ce babu mai so. Ta kai ta kasuwar Jibiya ranar Lahadi. Ta kai ta Daddara a bayan babur, a rungume kamar mai jinya. Ta kai ta Mazanya gidan da ake haɗa kayan ɗaki. Ta tsallaka da ita Ɗan Isa ta Nijar, inda wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya leƙa ya ga babu komai a ciki, ya ja da baya ya gyara hularsa a jikinta, ya ce su wuce. Ko'ina haka. Mata su taru, su gyara ɗaurin kallabi, su ce tubarkalla, su sa moɗa, su ajiye moɗa, su tuna sun bar tuwo a wuta.

Iyalai suna shaida cewa marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa jiƙa wa kowa daɓe ba. Gansakuka ba ta taɓa fito mata ba. Abin da aka ba ta ajiya, haka take mayar da shi, ba ragi ba ƙari, in da zafi aka zuba da zafi za a kwasa. An yi mata dariya a ƙasashe biyu, ba ta taɓa ramawa ba, iyakarta ƙwal.

Ciwon ajali ya same ta ne a ƙarshen bazara. Hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa. Malam Lado ya fara zagaya tanderu yana auna shi da ƙafa, yana ce wa awaki su ƙara haƙuri. Salmatu ta rasa inda za ta sa kanta, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ranar Talata ta sake kai randar bakin shinge. Nagoggo yana cikin layin motoci, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, wallahi in ruwanta ya yi sanyi yau, ni zan saya, in ɗaure ta bayan kamyo."

Salmatu ba ta tsaya tunani ba. Ta ruga wajen mai firiza ta sayo ƙanƙara, ƙatuwa kamar tubali. Ba ta lura ba inuwar bedi ta matsa tun hantsi, rabin jikin randar yana cikin rana, ya ɗau zafi kamar dutsen guga, ruwan cikin kuma ɗan kaɗan ne. Ta saka ƙanƙarar.

Waɗanda suke kusa sun ce marigayiya ta yi magana sau biyu. Ta farko, ƙas, a hankali. Wani layi siriri ya taso daga gindi ya hau har wuya. Ta biyu ba ƙwal ba ce, ɓas ce, ta buɗe gida uku, ruwa ya bi yashi. Nagoggo ya sauko, ya cire hula, ya tsinci ƙanƙarar ya ɗauraye, ya yi ta'aziyya yana tsotsa.

Marigayiya ta rasu ta bar yayyenta: kasko mai karkataccen baki, tulun da ba ya tsayuwa sai an jingina shi da bango, da asusun da aka manta ba a yi masa ƙofa ba. Ta bar murfinta da moɗarta, waɗanda har yanzu ba a san yadda za a faɗa musu ba. Ta bar tanderu, wanda a daren ranar kowa ya ɗauka maraya ne mai jiran nasa.

Washegari Malam Lado ya aro baro ya ajiye kusa da tanderu. Mutum ne mai kunya, ya ce ba zai taɓa tubali ko ɗaya ba sai an share makoki. Salmatu tana tsaye a tsakar gida da ɓaraguzan a zane, ta kasa zama ta kasa fita. Sai ga sallama. Nana ce, mai ƙosai 'yar Ɗan Isa da ke suya a bakin shinge, riƙe da gindin marigayiya a hannu biyu, man gyaɗa yana rawa a ciki.

Ta ce, "Salmatu, ina gajiya, ya haƙuri? Ki yafe mani, jiya da kika kwashe kin bar wanga guntu, robar maina kuma ta narke a bakin wuta, sai na juye a ciki. Ki duba. Yadda na zuba haka na iske shi da safe. Kaskona na ƙasa kau, kwana guda ya sha mani ludayi, ya yi wari. Wanga bai shan mai."

Salmatu ta ɗaga guntun ta shafa ƙasansa. A bushe ƙayau.

Nana ta ce, "Sayar mani da shi za ki yi. Kuma ki gina mani ƙanana masu murfi. Ƙanwata tana sayar da man shanu, mijinta yana kawo zuma, duk kukansu ɗaya." Ta kwance bakin zane ta biya nan take, da sefa, kuɗin Nijar.

Malam Lado ya dubi kuɗin, ya dubi tanderu, ya dubi awakin da suka leƙo daga zaure. Ya ce, "Sayarwa ce, da idona na gani. Baiwar Allah, ashe sai da ta mutu ta yi kasuwa." Ya juya baron ya fita neman itacen gashin tukwane.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wanka ba, don marigayiya ba ta taɓa yarda ruwa ya shiga jikinta ba. Ranar Alhamis da hantsi za a sa sauran gaɓoɓinta a turmi a daka, a tankaɗe, a cuɗa garin a sabon yumɓu, yadda Goggo Ma'u take yi da tsingaro don kada tukunya ta fashe a wuta. Masu zuwa kada su wahalar da kansu da goro, su zo da fasassun kwalabe. An roƙi jama'a kada kowa ya shigo da ƙanƙara. Zaman makoki babu, saboda mai makokin ba ta zama. Mai son yin ta'aziyya ya bi ta a tsaye tsakanin ramin yumɓu da tanderu, ya yi sauri kuma, don hadari yana haɗuwa, tukwanen Nana ba su bushe ba.

Nana tana suya da guntunta a gefe. Nagoggo ya sayi randa marar kwalliya a Riko, yana shan ruwan sanyi. Goggo Ma'u ta aiko a ɗebar mata kunun kwalba kaɗan ta gwada. Awakin Malam Lado suna nan a zaure. Tanderu yana tsaye a wurinsa, Salmatu tana zagaya shi, ido ɗaya a yumɓu, ido ɗaya a gabas.