Ranar da Na Ɗaga wa Amfilifayar Surukina Buta

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na ɗauki butar alwala zan sheƙa wa amfilifayar surukina ruwa. Ni fa nas ce. Maƙwabtanmu a Gyaɗi-Gyaɗi har gida suke kawo mini 'ya'yansu in duba, wai ina da natsuwa. To ku ji natsuwar.

Baba, mahaifin maigidana, ya yi kiɗan jita da ƙuruciya kafin ya shiga aikin gwamnati ya ajiye. Ban taɓa jin ya kaɗa ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun damansa ya yi sanyi, ko cokali zame masa yake yi. In na tashi daga aiki nakan biya gidansa a Tarauni in miƙa masa 'yar ƙwallon roba ya dinga matsawa, shi kuma ya karɓa ya ajiye a gefen tabarma (kunya ta hana ni yi masa faɗan da nake yi wa marasa lafiyana). Da na ga yana neman sallama hannun, sai na zuga maigidana ya lallaɓa shi a fito da jitar.

Baba ya yarda, amma ya ce, "In hannun ya ƙi, ku kira 'yan gwangwan su kwashe kayan. Kar in ƙara ganinsu."

Wata Asabar bayan la'asar maigidana ya fito da jitar, sannan ya jawo amfilifayar da ke ƙara mata sauti daga ɗakin ajiya, yana nishi kamar mai ɗaukar buhun siminti. Akwati ne na katako, lulluɓe da baƙar leda mai kama da fata. Kusurwoyin sun ƙoƙe, saƙar da ke gabansa ta tashi daga ruwan azurfa ta koma ruwan shayi. Baba ya shafa ta da hagu, ya ce tun da ya same ta ba a canza mata ko ƙusa ba.

Ya ɗaga makunni ɗaya. Shiru.

Na ce, "Baba, ko a kira mai gyara?"

Ya ce, "A'a, 'yata. Ba ta magana sai ta ji ɗumi."

Muka zauna muna jira. Can ya ɗaga makunni na biyu, wani siririn gunji ya taso. Ya jona jitar, ya ɗora babban yatsansa na dama kan tsirkiya, ya zame. Ya sake gwadawa, da ƙyar ya ja ta.

Wallahi ban san akwai irin wannan sauti a duniya ba. Bai yi kama da ƙarar sifikokin biki masu sa ciwon kai ba. Sauti ne mai kauri, mai taushi, ya fito a hankali ya cika ɗakin, ya daɗe bai mutu ba, har a ƙirjina nake jin sa. Tsigar jikina ta tashi. Amma Baba girgiza kai ya yi, ya ce tsirkiya ɗaya ba kiɗa ba ce, hannun ba ƙarfi.

A nan ne hancina ya jiyo ƙauri. Na leƙa bayan akwatin, na tarar a buɗe yake, ga wasu kwalaben gilashi a jere, cikin kowacce wani abu ya yi ja kamar garwashi, zafi yana dukan fuskata.

Na ƙwala ihu, "Wuta! Wuta!"

Hajiya, surukata, ta amsa daga tsakar gida hankali kwance, "Ai tun azahar suka kawo ta."

Ban tsaya bayani ba. Na suri butar Baba da ke bakin ƙofa, na ɗaga zan kwara, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu gam. Ruwan ya tafi kan ƙafata da wandon maigidana, ɗankwalina ya zame, duk a gaban surukina.

Baba ya ce, "Ajiye. Wannan jan da kika gani, haka take aiki. Ƙurar shekaru ce take ƙauri. Da kin zuba, gilashin ya tarwatse, ke ma wutar ta ja ki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina jiran maigidana ya fashe da dariya, sai na ji ya ce a hankali, "Baba, da wane hannu ka riƙe ta?"

Duk muka kalli hannun. Na dama ne. Baba ya sake ni, ya buɗe tafin, ya dunƙule, ya ƙara buɗewa. Sai ya gyara zaman jitar a cinyarsa. Ya yi ta kuskure, amma ya kaɗa har aka kira magariba, Hajiya tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Ni ma kuka na yi, rabi na kunya, rabi na abin da kunnena yake ji.

Ba a kira 'yan gwangwan ba. Ni kuma na koyi cewa in na ga abu ya yi ja a gidan mutane, in tambayi mai shi kafin in nemi ruwa. Sai dai har yau, duk ranar da Baba zai kunna amfilifayarsa, sai Hajiya ta ɗaga murya ta ce, "A kwashe butoci, nas ta iso."