Zunubin Baba Hammadu da Kwalbatin Unguwarmu

An kammala bincike: ambaliyar da ta shiga unguwarmu ranar Laraba azaba ce saboda zunubanmu. Wanda ya gudanar da binciken wani babba ne daga cikin manyanmu, Allah ya ƙara masa faɗin riga. Cikin minti goma ya gama, yana tsaye a kan bulo biyu da aka jera masa don kada takalminsa ya san laka. Ya ce mu koma ga Allah. Shi kuma ya koma mota.

Ni da na ɓata shekara huɗu a jami'a ina karanta labarin ƙasa, kunya ta kama ni. Malamanmu sun ce ruwa gangare yake bi, ba su taɓa gaya mana yana bin zunubi ba. Don haka da la'asar na naɗe ƙafar wando na bi sawun ruwan, in ga inda masu saɓo suke zaune a unguwar tamu ta Magajin Gari.

Ashe zunubi kwari yake so. Gidajen kan tudu masu katangar siminti da ƙofar ƙarfe duk waliyyai ne a ciki, ko tabarmarsu ba ta jiƙe ba. Azabar ta sauko ne daga bakin daji, daidai inda aka sare itatuwa aka yi gawayi aka loda wa manyan motoci. Ta biyo lambatun da yashi ya cike tun bara, ta iso kwalbatin da aka ƙaddamar da aikinsa sau uku da tafi da lemon kwalba, ta tarar ba hanya. Sai ta karya kwana ta shiga gidan Baba Hammadu, ta kwantar da ɗakinsa, ta jiƙa masarar da ya ajiye.

Baba Hammadu kuwa shi ne tsohon da ya shekara talatin yana sharar masallacinmu. Ko akuya ce ta ci masa wake, haƙuri yake ba ta.

Na tsaya wurin Salmanu mai faci, ya ɗago kai daga tayar da yake dannawa a ruwa.

"Malam, kai da ka yi boko, tsakani da Allah me tsohon nan yake aikatawa a ɓoye?"

"Kai Salmanu, kai da facinka ba ya kai mutum ko nan Tabanni, ya aka yi ko ɗigo bai shiga rumfarka ba?"

"Ai ni tsakanin taya da taya ina istigfari," in ji shi. "Kuma a kan tudu nake."

Kada wani ya ce ina jayayya da ikon Allah. Ko ganye ba ya faɗuwa sai da saninsa. Sai dai malaman addinin da suka karantar da mu sun ce akwai jarrabawa, akwai azaba, kuma ba wanda aka nuna wa jerin sunaye. Da can an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tsuntsayen yanzu sun yi rufin kwano, kaji ruwan yake doka. Kuma in dai sai an nemi mai laifi, barin kwalbati a toshe shekara uku ba nafila ba ce.

Ni dariya na yi na wuce. Baba Hammadu bai yi dariya ba. Tun daga ranar yake bin layi gida gida yana neman gafara, har ya iso ƙofata.

"Ɗana, in na taɓa yi maka wani abu, ka yafe mini."

"Baba, wallahi kwalbati ne."

"A'a, ɗana. Babba ba ya faɗin magana a banza. Gida nawa ne a layin nan? Amma gidana aka zaɓa."

Na yi masa bayanin gangare har na gaji. Ya saurara da ladabi, ya sa mini albarka, ya shiga gida na gaba.

Yau da safe na same shi cikin lambatun, laka har gwiwa, da shebur na aro, yana fitar da yashi. Na ce Baba me ke nan? Ya ce ya rasa laifin da zai tuba a kansa, shi ya sa ya ce bari ya gyara wa Musulmi hanyar ruwa, ko Allah ya duba.

Na so in karɓi shebur ɗin, sai na tuna bayana na ciwo. Na yi masa jawabin ƙarfafa gwiwa mai daɗi, na ce Allah ya ba da lada. Ashe ni ma ina da jinin shugabanci. Na bar shi yana haƙa.