Hadarin da ya taso a falon Alhaji

Ni ne fa na yi wa jama'a gargaɗi. Ranar da Alhaji Sule, aminin babana, ya kawo bidiyo gidansa a Dutsin-Ma, na miƙe gaban dattawa na ce, "Kada kowa ya firgita, hoto ne kawai. Na sha gani a Kaduna."

Wanda na sani a Kaduna dishi-dishi ne. Wannan kaset kuwa sabo fil, hoto tar, sauti kamar a cikin kunnenka.

Aka saki labule, falo ya yi duhu. Ana cikin kallo sai tsawa ta fashe, ruwa ya kece. Sai na tuna gyaɗar da na noma tana shanye a garinmu Kurfi, kuma ba kowa a gida.

"Gyaɗata! Alhaji, na shiga uku!"

Na tsallake tsofaffi biyu, na fita ba takalmi, na haye babur ina ta fama ya tashi. Da na ɗaga kai sai ga rana ƙwal, ko gajimare babu.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, a ara maka laima?"

Har yau in hadari ya haɗo a Kurfi, sai an aiko a tambaye ni ko na gaske ne.